Ba a Mutuwa a Motar Kawu

Ka taɓa haɗuwa da mutumin da ko mara lafiya ɗaya bai taɓa mutuwa a hannunsa ba? Ni na haɗu da shi, gida ɗaya ma muke kwana. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda duk layinmu ke kira Jiniya saboda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya. Da ya yi ritaya aka karɓe motar, aka karɓe jiniyar, amma aka bar masa bakinsa.

"Farfesa," haka yake kirana tun da na gama digiri a fannin ƙididdiga, "duk wanda na ɗauka, da ransa na sauke shi. Mai naƙuda, wanda ya yi haɗari, wanda maciji ya sara. Ina miƙa su a ƙofa, washegari sai ka ji an ce wane ya cika. To kai da ka yi boko, a ina ake mutuwa? A motata ko a ciki?"

Gaskiya alƙaluman sun burge ni. Ɗari bisa ɗari! Ko a littattafanmu ban taɓa ganin sakamako mai tsabta haka ba. Nan take na fara tsara takardar binciken da zan rubuta, har na raɗa mata suna. Abin da ya rage mana kawai shi ne wanda za mu gwada a kansa.

Sai ga shi Tulu ya kwanta ciwo.

Tulu ɓeran Masar ne, fari da dabbaren ruwan ƙasa, ba wuya ba wutsiya, ga tumbi. Bayan rasuwar kakanmu aka kawo wa Kaka, mahaifiyar Kawu, shi don ya ɗebe mata kewa. Ranar farko ta ce ita da ta ƙare rayuwarta tana kashe ɓeraye ba za ta tsufa tana yi wa ɗaya hidima ba. Kafin wata ya zagayo, ita ke fere masa kokwamba. Da ta buɗe firji, ko leda ta yi motsi a hannunta, sai ya ɗora ƙafafunsa na gaba a jikin keji ya dinga fito har gidan ya ɗauka.

"Duk gidan nan," in ji Kaka, "shi kaɗai ke yi mini sannu ba don abin hannuna ba."

Kowa ya san don abin hannunta ne. Ba wanda ya taɓa faɗa.

A makon ne aka yi wa Kaka aikin yanar ido. Ido ɗaya na cikin bandeji, ɗayan kuma dama yana jiran layinsa, hazo kawai yake gani. Da safe ta lallaba ta buɗe firji. Shiru. Ta rufe, ta sake buɗewa. Shiru. Ta durƙusa ta kara kunne a jikin keji. Tulu na takure a lungu, hancinsa a jiƙe, yana atishawa, in ya ja numfashi ƙirjinsa na ƙara kamar ana murza busasshiyar takarda. Kokwambar jiya na nan ko tabo babu.

"Auta!" Haka take kiran Kawu, duk da furfurar da ta cinye masa gemu. "Ɗauki yaron nan ka kai shi asibitin dabbobi. Yanzu."

"Asibiti kuma, Inna, a gidan da nake zaune?"

"Ai shi ya sa na ce yanzu."

Kawu ya ɗauki keji, ya kashe mini ido, na bi shi waje. Motarsa ta kansa wata tsohuwa ce ƙarama mai fasasshiyar salansa. In ta tashi, ƙararta ta fi ta janareto, hayaƙinta kuma rabi waje yake fita, rabi ya shigo ta ƙasan kujera. Ya ajiye Tulu a baya, ya murza makulli.

"Farfesa, kara kunnenka. Kana jin ƙarar ƙirjin?"

Na sunkuya. Ban da rurin inji ba abin da nake ji. Na ce ba na ji.

"Ta tafi ke nan."

Ya kashe motar, ƙarar ƙirji ta dawo. Ya kunna, ta ɓace. Na roƙe shi mu maimaita, don a kimiyya ba a yarda da gwaji ɗaya. Muka yi ta maimaitawa har batir ya fara kuka, sakamakon bai sauya ba ko sau ɗaya. Saura kaɗan in rungume shi.

Shirin Kawu mai sauƙi ne. Tun da a ciki ake mutuwa, Tulu ba zai shiga ciki ba. Safe da yamma za mu zagaya da shi: mu wuce shagon tela, mu wuce injin markaɗe, mu faɗa ramin da ke gaban shagon mai aski, mu isa shatale-tale. A nan hanyar asibitin dabbobi ta yi dama. Mu kuma mu kewaye mu dawo, mu sake, har ya warke.

Ni ma na kawo tawa gudummawar. Na farko, jiniya. Na sauko da kukanta a wayata, na ari lasifikar wani mai talla da ke kwana a bayan layinmu, na ɗaure ta a rufin mota da igiyar shanya. Abin da ban sani ba, tallarsa na naɗe a cikinta, kuma duk lokacin da aka girgiza ta sai ta koma wa maigidanta. Muna faɗawa ramin gaban mai aski, jiniya ta ɗauke, wata murya ta cika layi:

"Maganin ɓera! Ci yanzu, mutu yanzu!"

"Kashe wannan abin," in ji Kawu, "mara lafiya na ji."

Na biyu, shimfiɗa. Na lura ramuka na wujijjiga Tulu, don haka na je wurin kafinta na ciko buhu da garin katako mai laushi, na zuba masa har wuya. Na uku, iska, tun da matsalar ta numfashi ce: na sauke gilasai duka huɗu. Kowace dabara ita kaɗai ba ta da aibu. Haɗuwarsu ce ta zo da abin da ban hango ba. Muna ɗaukar gudu garin katako ya tashi, ya cika motar, ya fita ta taga kamar an zazzage buhun gari. Wani bawan Allah da mai aski ya gama shafa wa kumfa a kai ya tashi kamar an barbaɗe shi za a soya.

Mai aski ya fito da aska a hannu. "Jiniya! Wa ya rasu?"

"Ba a rasuwa a motata."

"To wa ka ɗauko?"

"Sirrin mara lafiya ba a faɗarsa a titi."

Mai aski ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallo. "Wannan ai ɓeran Kaka ne."

"Mu a aikinmu ba ma tambayar asali. Matsa, kana tare masa iska."

Bakaniken layinmu ma ya tare mu, ya ce don Allah a kawo salansar nan ya like ta kyauta, ko jaririnsa ya samu barci. Na yi masa bayani a natse cewa salansar na cikin magani, in aka taɓa ta an ɓata gwajin. Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya ce Allah ya ba da lafiya, bai faɗi ga wa ba.

Da muka koma gida Kaka na zaune a bakin ƙofar ɗakinta.

"Me likita ya ce?"

"Ya ce a dawo da shi da yamma," in ji Kawu.

"Magani fa?"

"Ya ce iska."

"Likitan namiji ne ko mace?"

Kawu ya ce namiji, ni na ce mace, a lokaci guda.

"Su biyu ne, Inna," in ji Kawu. "Babban asibiti ne."

Kaka ta laluba ta sa yatsa cikin keji, ta shafa bayan Tulu, ta ɗaga yatsan ta shinshina. Ta ce asibitin nan warin man mota yake.

Haka muka yi ta zagaye. A cikin mota Tulu garau, ba ka jin komai. A gida kuwa abin gaba yake yi. Ya daina cin komai, gashinsa ya tashi, haƙarƙarinsa na hawa da sauka kamar wanda ya yi tsere. Da na ɗaga shi don in sauya masa shimfiɗa, sai na ji tumbin nan da aka raɗa masa suna dominsa ya zube, ba nauyi a hannuna. Abin ya tsaya mini a rai, na gaya wa Kawu.

"Maganin ne ya yi masa kaɗan," in ji shi. "Za mu ƙara gudu."

Na ba da shawarar a bar motar a kunne a ƙofar gida da shi a ciki, ya samu magani ba yankewa. Muka gwada. Maƙwabciyarmu ta fito ta tarar da fararen zannuwan gadon da ta shanya sun koma launin toka. Ba zan maimaita abin da ta ce ba, amma ta fara daga Kawu, ta bi ta kan motarsa, ta ƙare a kan jami'ar da ta ba ni digiri.

Washegari da safe muna ɗaukar keji, sai ga Kaka ta yafa mayafi tana laluben takalmi.

"Yau da ni za a je. Ina so in ji daga bakin likitocin nan biyu."

Na dubi Kawu. Ya matso ya raɗa mini, "Ba ta gani. Mu zagaya, in ce mun tarar sun tashi."

Abin da Kawu bai lissafa ba shi ne mutanen layi. Sun ga an riƙo tsohuwa da bandeji a fuska an sa ta a mota, jiniya na kuka. Tela ya bar kekensa da riga a maƙale. Mai aski ya hau babur, wanda yake yi wa aski ya haye bayansa da rabin kai. Bakanike ya biyo da nasa babur ɗin. Maƙwabciyarmu ta manta da zannuwanta, ta tsayar da motar tasi tana salati. Kafin mu kai injin markaɗe, na waiga na ga jerin gwano a bayanmu, kowa ya kunna fitila.

Kaka na baya, keji a cinyarta, ta rufe shi da gefen mayafi. Muka faɗa rami, lasifika ta yi tallarta, na buge ta ta dawo jiniya. Muka kewaye shatale-tale, ayari ya kewaye. Muka sake wuce tela, wato shagonsa, shi yana bayanmu.

"Auta, injin markaɗe nawa ne a hanyar nan?"

"Sun yi yawa yanzu, Inna. Sana'ar ta karɓu."

Muka sake faɗawa rami.

"Wannan ramin na san shi. Tun ina goyonka yake nan."

"Ƙaninsa ne, Inna. Ramukan garin nan duk kamarsu ɗaya."

A zagaye na gaba mai aski ya matso da babur ɗinsa daidai tagar Kawu, yana ihu don ya fi ƙarfin salansa. "Jiniya! Wane asibitin ne wai? Mun kewaye shatale-talen nan har jiri ya kama ni! Ga shagona can na sake wucewa a buɗe!"

Kawu ya taka mai don ya tsere wa maganar. Motar ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta sake tari, ta mutu a tsakiyar shatale-tale. Man da muka yi kwanaki muna ba Tulu a matsayin magani ya ƙare. Babura suka tsaya, tasi ta tsaya, jama'a suka yanyame mu ana tambayar ko Kaka na numfashi. Na kashe lasifika.

"Ku yi mini shiru," in ji Kaka.

Ta buɗe ƙofa, ta yaye mayafi daga kan keji. Wurin ya yi tsit. A cikin shirun nan kowa ya ji shi, har direban tasi: ɗan numfashi siriri, yana shiga da ƙyar, yana fita da ƙara.

Na ga lokaci ya yi da za a yi wa jama'a bayani, kada su yi mummunar fahimta. Na hau kan dakalin shatale-tale na zayyana musu komai: tarihin Kawu, ɗari bisa ɗari, gwajin kunnawa da kashewa, da yadda ƙarar ke ɓacewa in inji na aiki. Na yi bayanin da kyau. Ko a gaban malamaina ban yi kamarsa ba.

"Mai digiri," in ji Kaka, "in na toshe kunnuwana, ruwan sama ya ɗauke ke nan?"

Na ce wannan tambaya ce mai kyau, tana buƙatar nazari.

"Jiniya," in ji mai aski, "wai duk rashin mutuwar nan, ba daga gida zuwa ƙofar asibiti ba ne? Ai ni ma tun da nake ba a taɓa mutuwa a kujerata ba. In fara karɓar masu naƙuda?"

"Nawa keken ma ba a taɓa mutuwa a kansa ba," in ji tela.

Aka kwashe da dariya. Kaka ba ta yi ba.

"Auta, kwana nawa ina tambayarka abin da likita ya ce?"

Kawu ya dubi sitiyari.

"In yaron nan ya mutu, ba a motarka ya mutu ba, na yarda. A hannuna zai mutu, ina zaune ina jiran maganin da ba a karɓo ba. Ina hanyar take?"

"Dama, Inna."

"To a yi dama."

Maza suka sa hannu aka tura. Dole in faɗi gaskiya, a nan Kawu ya nuna shi gwani ne. Ba inji, ba jiniya, amma ya kauce wa kowane rami, ya juya motar ya kawo ƙofar baya daidai bakin matakalar asibitin, ko taku ɗaya Kaka ba za ta ƙara ba. Ya fito da sauri ya buɗe mata, ya ja da baya ya ƙame.

"To, aikina ya ƙare a nan."

"Ba na gani," in ji Kaka, ta cafke hannun rigarsa. "Ja ni."

Sai a lokacin na fahimci wani abu da bincikena bai taɓo ba. Duk shekarun nan, Kawu bai taɓa wuce ƙofa ba.

Likitar mace ce, kuma ita kaɗai ce. Ta ɗora Tulu a kan tawul, ta kara masa abin sauraron ƙirji, ta daɗe tana saurare. Jama'ar layinmu sun cika taga.

"Huhunsa ya kamu. Wa ya cika masa garin katako?"

Na ɗaga hannu, don a kimiyya ba a ɓoye sunan wanda ya yi aiki.

"Wannan ƙurar kaɗai ta isa ta shaƙe mai lafiya. Hayaƙin da nake ji a gashinsa fa?"

Kawu ya ɗaga nasa, rabi.

Ta ce irin waɗannan dabbobi ɓoye ciwo suke, kafin ka ji shi a ƙirjinsu ya riga ya yi nisa, kuma wanda ya daina ci ba a kwana da shi a gida. Ta ce kada wanda ya kuskura ya ba shi maganin mutane, akwai wanda zai kashe shi. Ba ta yi alkawarin zai tashi ba, ta ce dai za a gwada. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko allura, 'yar mitsitsiya, ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba.

Kawu ya dubi allurar. Ya ce ɗakin nan akwai zafi. Ya zauna a ƙasa a hankali, ya jingina da bango, daga nan ya kwanta.

Mai aski da bakanike suka shigo suka ɗora shi a kan teburin da ake duba manyan karnuka, ƙafafunsa na lilo.

"Wanne zan fara dubawa?" in ji likita.

"Ƙaramin," in ji Kaka. "Wancan ni na haife shi, zai tashi."

Ya kuwa tashi, bayan an yayyafa masa ruwa. Ya buɗe ido yana kallon fanka. "Ina ne nan?"

"Ciki," in ji mai aski.

Bakanike ne ya samo mai ya tuƙo mu gida, Kawu na kishingiɗe a kujerar gaba, Kaka da keji sun bi maƙwabciya a tasi. Muna isa Kawu ya ɗaga kai ya ce in lura, shi ma da ransa aka sauke shi.

Jinyar gaskiya ba ta da armashi ko kaɗan, ba gudu, ba ayari. Magani a baki da ɗan sirinji safe da yamma. Tsohon tawul mai tsabta a maimakon garin katako, a sauya shi kullum. Keji nesa da taga, nesa da hayaƙin girki. In ya ƙi ci, a dama masa abincinsa a ɗiga masa kaɗan-kaɗan. Ni aka ɗora wa wannan, Kaka na zaune a kaina tana sauraron ko ya haɗiye. Muka koma wurin likita yadda ta ce, a tasi, kuma muka shiga ciki. Ya daɗe bai murmure ba, har na fara cire rai.

Wata safiya, bayan an cire wa Kaka bandeji, ta buɗe firji za ta ɗauki ruwa. Daga lungun ɗaki sai ga wani ɗan fito, siriri, a shaƙe, kamar na tsohuwar buta. Kaka ta tsaya riƙe da ƙofar firjin, sanyi na ta fita, ita da ke zagin duk wanda ya bar shi a buɗe. Ta rufe. Ta sake buɗewa. Ya sake yi.

"Ji mayunwaci," in ji ta, tana goge idon da aka ce kada ta taɓa.

Kawu yanzu yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa ba don zagayen da ya yi da Tulu ba, da bai samu ƙarfin ɗaukar allura ba. Ni kuma na dakatar da waccan takardar, na koma nazarin kujerar mai aski, wadda alƙalumanta ke da ban sha'awa ƙwarai.

Saboda haka ga roƙona gare ka. In kana da ɗan abin kiwo irin Tulu, yau ka kashe fanka, ka kashe rediyo, ka durƙusa ka kara kunne. In ka ji ƙara a ƙirjinsa, ko ka ga ya juya wa abinci baya, ɗauke shi ka tafi wurin likitan dabbobi, kuma in ka isa ƙofa ka shiga. Makullin motar Kawu yana ƙulle a bakin zanen Kaka. In wani dattijo mai furfura ya tare ka a layinmu ya ce ka ara masa naka, wai kyanwar maƙwabta na tari, don Allah ka ce ka manta shi a gida.